Ɓawon Albasa a Kwalbar Zuwaira

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Asabar da na tsaya a gaban tukunyata, da ludayi a hannu, na tona wa kaina asiri da bakina. Na faɗa da Hausa, sannan na maimaita da Twi, yaren da aka fi ji a garin nan, don kada wani ya ce bai ji ba. Babu wanda ya matsa mini. Ni na ga dama, har ina kama ƙugu ina taƙama.

Bari in ɗauko muku daga farko. Ni mai sayar da waakye ce a Nima, shekara ashirin da 'yan kai ke nan. (Ga wanda bai taɓa zuwa Accra ba, shinkafa da wake ce, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabana.) Abin da ya raba waakye da shinkafa da waken gida shi ne karan dafi, jan ganyen dawar nan da ake kawowa daga arewa ɗauri-ɗauri. Shi ke ba ta launi. Kowa na sa karan dafi, kowa na sa kanwa, amma jan tawa daban ne. Daga Kanda ake zuwa da mota a bi layi, ma'aikatan Kokomlemle kuwa har waya suke yi a ajiye musu. Yadda nake fitar da launin nan daga uwata na gada, ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma kai ma mai karatu kada ka sa rai.

Sai dai ina da hali, gara in faɗa da kaina. Ni mai zargi ce ta gaske. In mutum ya gaishe ni da fara'ar da ta wuce kima, sai na taɓa jakata. Marigayi maigidana yakan ce ko kaza ce ta kalle ni sau biyu, sai na tambayi wanda ya aiko ta.

Babbar wadda nake zargi kuwa ita ce Adiza. Shekara shida ta yi tana aiki a wurina, ita ce wankin tukwane, ita ce zuba shito, soyayyen yajin nan da ake ci da waakye, kafin ta yi aure ta buɗe nata wurin a Maamobi. Ta zo ta yi mini sallama yadda ya kamata, da goro da turmin zane, na sa mata albarka da baki, a zuciya kuma na sa ta a layin maƙiya. Waakyenta na da daɗi, ba zan yi ƙarya ba (na sa an sayo mini don in duba da ido kawai, ban san lokacin da na cinye ba), amma launin bai kai nawa ba. Ni kuwa na gama tabbatar wa kaina cewa launin nan ne ke hana Adiza barci.

Ana nan wata Laraba, ranar kasuwar Nima, bayan layi ya ragu, sai ga wata yarinya da hijabi da tabarau, da jaka a baya. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Ta ce sunanta Zuwaira, tana karatun digiri na biyu a jami'a, wata alfarma ta kawo ta. Kwalba ɗaya take so ta ruwan karan dafina, dahuwar farko, kafin wake ko kanwa su shiga.

Na ce, "Ke da ba ki sayi waakye ba, ruwan za ki sha?"

Ta yi dariya ta ce, "A'a Mma, magani nake nema. Kin san farin man nan da ake shafa wa jarirai in zane ya ci musu jiki? Akwai wani farin gari a cikinsa, daga ƙarfen zink ake samo shi. In aka yi garin nan ƙanana ƙwarai, yadda ko madubin likita na yau da kullum ba ya ganin ƙwayarsa, to yana kashe ƙwayoyin cutar da ke hana gyambo warkewa. Nano muke ce masa. A masana'anta da sinadarai masu tsada da guba ake yin sa. Mu kuwa da ruwan ganye muke so mu yi."

Ta ci gaba da bayani, wai ana narka gishirin zink ɗin a ruwa, a riƙa ɗiga ruwan ganye ana dumamawa, sai ruwan ya canja launi, gari ya kwanta a ƙasa, a tace, a gasa. Wai abin da ke ba ganye launi shi ke yin aikin, shi ya sa ta tuna da karan dafi.

Na ce, "Wato dai ƙarfe za ki dafa da ganyen waakye."

Ta ce, "Kusan haka ne, Mma."

Na dube ta sama da ƙasa, na ce a raina boko ya taɓa 'yar mutane. Tausayi ya sa washegari na cika mata kwalba da ruwan gaskiya. Wannan kwalbar kaɗai ce ta gaskiya a duk labarin nan, ku riƙe ta da kyau.

Bayan mako guda ta dawo, ta ce ya yi, amma kaɗan, tana so ta gyara. Sai ta zaro littafi da biro. Mma, minti nawa kike dafawa? Ganye nawa a ruwa nawa? Ruwan famfo ne ko na leda? Kina jiƙawa kafin ki ɗora? Wurin wa kike saye? Kowace tambaya ta yi, sai zargina ya ƙaru. Shekara ashirin babu wanda ya taɓa tambayata minti, sai yau, kuma har da rubutawa? Na ce mata kaina na ciwo, ta dawo jibi.

Tana juya baya, sai Larai mai koko, wadda teburinta ke manne da nawa tun kafin a sa kwalta a layinmu, ta matso tana goge hannu. Larai haifaffiyar Zongo ce, a bakinta mace da namiji duk "shi" ne.

Ta ce, "Hajiya, yarinyan nan, ka san shi?"

Na ce, "Daga jami'a take."

Ta ce, "Ei! Jami'a! Ni kullum da yamma in na je wurin 'yata a Maamobi, ina ganin shi yana shiga gidan su Adiza da leda a hannu. Kullum, wallahi."

Shi ke nan. Ban tambayi komai ba. Ni da na san gidajen Maamobi, gida ɗaya ɗaki ashirin, kowane ɗaki da iyalinsa da ƙabilarsa, ban tsaya na ce ɗakin wa take shiga ba. A take na ga komai fili: Adiza ta gaji da gwaji, ta samo 'yar boko mai tabarau, ta koya mata durƙuso, ta haɗa mata tatsuniyar ƙarfe da gyambo, ta turo ta. Za su kai ruwana wurin na'ura ta karanta musu asirin uwata. Har wani daɗi na ji, irin na wanda ya kama ɓarawo tun kafin ya haura.

Da na so, sai in ce mata ba na bayarwa, magana ta ƙare. Amma ina! Ni so nake in koya musu hankali.

Da la'asar, a tsakar gida, na ɗora ƙaramar tukunya. Na zuba karan dafin da na riga na gama amfani da shi, wanda ƙarfinsa ya tafi. Na kawo jan ɓawon albasar da ya taru daga yin shito, na watsa. Na juye ragowar sobolon da ya kwana a buta (zoɓo ke nan, a bakin mutanen nan). Na miƙa hannu na tsinko ganyen gwabar da ke bakin rijiya, na ƙara da ganyen shayi don launi ya yi duhu. Na dafa, na tace da tsumma. Wallahi da na ɗaga kwalbar a rana, ni kaina sai da na yi sha'awar ta. Ina tacewa ina dariya ni kaɗai, ina hango fuskar Adiza ranar da waakyenta zai yi warin gwaba.

Zuwaira ta zo ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe littafi, na ba ta amsoshi a nutse: minti arba'in, ganye goma sha biyu, ruwan leda. Babu ko ɗaya na gaskiya. Ta rubuta tsaf, har tana ja musu layi.

Kwana goma bayan nan sai ga ta da gudu-gudu, jaka na tsalle a bayanta. Ta manta ma da durƙuson. Ta miƙo mini waya ta ce, "Mma, duba! Duba!" Hoton wani ɗan faifan gilashi ne, ya yi fari-fari da abin da ta ce ƙwayoyin cuta ne suka tsiro, a tsakiya kuma ga ɗigon gari, kewaye da shi fili fes, babu komai.

Ta ce, "Kin ga filin nan? Nan ne ƙwayoyin cutar suka kasa matsowa. Na farko filinsa ɗan mitsitsi ne, wannan kuwa babu wanda ya samu irinsa a ɗakin gwajinmu. Malamata da kanta ta kira mutane su gani."

Ta ajiye mini sabulu da ɗankwali a kan tebur. Na yi godiya, na sa albarka, a raina kuwa na ce lallai yarinyar nan ta iya wasan kwaikwayo, har hoto suka haɗa. Na sa Larai ta sayo mini waakyen Adiza, na shinshina, babu gwaba, babu albasa. Mai hankali da nan zai tsaya ya yi tunani. Ni cewa na yi Adiza ta fi yadda nake zato wayo, tana gwadawa a ɓoye tukuna.

Haka na ci gaba. Kwalba ta uku, ta huɗu, ta biyar. Matsalar ita ce ni ba na awo, hannuna ne ma'aunina, kuma ban ɗauki abin da muhimmancin da zan tuna ba. Ran da babu sobolo, sai in ƙara shayi. Ran da akuyar maƙwabta ta riga ni ɓawon albasa, sai in jefa kanumfari. Wata rana ma na manta da gwabar gaba ɗaya. In dai ruwa ya yi ja, na cika kwalba.

Sai yarinya ta fara canjawa. Dariyar ta tafi, tabarau ya fara yi mata yawa a fuska. Wata rana ta zauna a bencin masu ci, ta ce, "Mma, don Allah, kin canja wani abu ne?"

Na dafa ƙirji na ce, "Ni? Shekara ashirin hannu ɗaya nake yi."

Ta ce, "Na sani, Mma, yi haƙuri. Abin ne ya ƙi. Kwalba ta biyu ce kawai ta yi. Na sayi karan dafi a kasuwa na dafa yadda kika gaya mini, minti arba'in, ganye goma sha biyu, sau tara ina yi, babu. A aikinmu in abu ya yi sau ɗaya ya ƙi maimaituwa, to kamar bai yi ba ne, har gara bai yi ba. Yanzu malamata ta fara zargin na zuba maganin asibiti a faifan nan da na nuna miki don in burge ta. Ta ce in ban sake samun irinsa ba kafin ƙarshen wata, za ta kai ni gaban kwamiti. In suka ce ƙarya na yi, korata za a yi, kuma babu jami'ar da za ta sake karɓata."

Ta cire tabarau ta share ido. Zan faɗi gaskiya, gabana ya faɗi. Har na buɗe baki zan tona mata komai. Sai na haɗa ido da Larai, ta taɓe baki ta girgiza kai daga bayan tukunyar kokonta. Na rufe bakina, na ce, "Allah ya kiyaye, 'yata." Na zuba mata waakye da ƙwai kyauta, wai ni mai tausayi. Da ta tafi Larai ta ce, "Ka gani? Da wayo bai ci ba, ya koma kuka." Na ce ai ni ma na gane. (Ban gane komai ba. Ina so ne kawai ya zama ni ce mai gaskiya.)

To, ga Asabar ɗin. Asabar ita ce babbar ranata, layi har bakin kwata, direbobin trotro (motocin hayarmu ke nan), masu zuwa biki da fararen kaya, matan Kanda da kulolinsu. Wajen ƙarfe takwas wata farar mota ta tsaya daidai gabana. Zuwaira ta fito. Bayanta wata mata mai gajeren gashi da furfura, fuska ba wasa, tana riƙe da akwatin roba, ina hango sikeli da safar hannu da kwalabe a ciki. Sai ƙofar baya ta buɗe, wa zan gani? Adiza, da sabon mayafi.

Larai ta ce da ƙarfi, "Tankas!" Wato ma'aikatan duba tsabta na gari, waɗanda in suka sa maka ido sai su rufe maka wuri.

Jama'a, a nan hankalina ya bar jikina. Na ce wato da suka kasa sace asirin, sai suka ɗauko mini hukuma. Ban bari ko sallama sun gama ba. Na sake ɗaurin zane, na ɗaga ludayi, na fito gaban tebur.

"Adiza! Ashe yau kin fito fili! Shekara shida kina cin tuwona, abin da za ki saka mini ke nan? Ke kuma mai tabarau, kina tsammani ban gane ki ba? Tun ranar da kika zaro littafi na san wadda ta aiko ki! Kuna zaton ruwan karan dafina na ba ku? Wallahi sau ɗaya ne, na farko! Sauran duk ɓawon albasa ne! Ɓawon albasa da ganyen gwaba da shayi da sobolon da ya kwana! Minti arba'in ɗin ma ƙarya ne! Ku je ku dafa, ku ci, ku ƙoshi!"

Na lura matar mai furfura ba ta jin Hausa, tana ta kallon bakina. Don kada ta tafi da saura, na juya gare ta na maimaita mata duka da Twi, dalla-dalla, har ina lissafawa da yatsu.

Na gama, ina haki, ina jiran a tafa mini. Ko mutum ɗaya bai tafa ba, sai kokon Larai da ke ta tafasa.

Matar ta ajiye akwatin a kan bencina a hankali. Ta zaro littafi daga aljihu, ta ce da Twi, cikin ladabin da ya fi zagi zafi, "Maame, don Allah sake faɗa, sannu-sannu. Albasar, ja ce ko fara?"

Ni kuwa idona na kan Zuwaira. Ta zauna a ƙasa, a bakin kwata, da fararen kayanta, ta ɗora kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa. Ban san ko kuka take ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Adiza ce ta matso. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da na fi jin sauƙi. Ta ce, "Mma, wannan malamar Zuwaira ce, Dokta, ba tankas ba ce. Ta ce kafin ta kai yarinyar nan kwamiti sai ta ga dahuwar da idonta, kuma a zo da wadda ta haɗa ku. Ni ce na haɗa ku. Kakar Zuwaira ce ke haya a gidanmu, ɗakin ƙarshe, tana da ciwon sukari, shekara biyu gyambon ƙafarta ya ƙi rufewa. Yarinyar nan ce ke zuwa kullum da yamma ta wanke mata. Da ta ce karan dafi take nema, na ce mata duk Accra babu wadda ta san shi kamar uwar ɗakina, ki je Nima ki durƙusa mata."

Uwar ɗakina. A gaban mutane ta faɗa, ni kuma ga ludayi a sama har yanzu, na manta ban sauke ba.

Kafin in samu abin cewa, wani direba da ya shekara goma sha biyar yana cin waakyena ya dubi ganyen da na zuba masa waakye a ciki, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, sobolon da ya kwana ɗin, a namu ma akwai?" Layi ya fashe da dariya. Wata mata ta rufe kularta ta koma mota. Na juya neman Larai, sai na tarar ta duƙufa tana dama kokon da ya riga ya damu, kamar ba ta taɓa ganina ba a duniya.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na taka na je wurin Zuwaira, ni da gwiwata ba ta son durƙuso, na durƙusa a bakin kwatar nan. Na ce, "'Yata..." Ta ɗago, tabarau duk hawaye, ta ce, "Mma, wata biyu ina zargi. Na zargi sikelina, na zargi ruwan famfo, na zargi gishirin zink, na zargi hannuna, har na fara tunanin ko da gaske na zuba wani abu na manta. Ke kaɗai ce ban zarga ba."

An zage ni a kasuwa, an taɓa kifar mini da tukunya a rigima, amma ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar wannan maganar ba. Na yi kuka a gaban kwastomomina, da majina da komai.

Dokta kuwa ba ta bar ni na gama kukan ba. Ta ce haƙuri daga baya, yanzu aiki ya samu. Ita ma ta nemi gafarar Zuwaira a wurin, a gaban kowa, sannan ta juyo ta ce tunda ni na haɗa ruwan da ya yi aiki, ni zan sake haɗa shi. Haka na yi Litinin huɗu ina rufe wuri da wuri, ina shiga trotro zuwa jami'a da buhun ɓawon albasa. Suka sa mini farar riga da ta ƙi maɓalli a kan cikina. Ni da ko inuwar mutum ba na bari ta faɗa tukunyata, ga ni ina dahuwa ɗalibai shida na tsaye a kaina da littattafai.

Dokta ta ce, "Nawa kika zuba?" Na ce, "Cikin hannu ɗaya." Ta ce in ɗebo. Sau goma ina ɗebo cikin hannu ɗaya suna ɗorawa a sikeli, sau goma lamba daban. Wani ɗalibi ya fita waje don ya yi dariyarsa a sake. Da suka ga hannuna ba abin dogaro ba ne, sai Zuwaira ta raba kayan, ta gwada kowanne shi kaɗai, sannan bibbiyu. A ƙarshe ɓawon albasa da ganyen gwaba ne suka dawo da filin nan a faifai, ta maimaita, ya sake yi, ta sake maimaitawa, ya yi. Karan dafina kuwa, abin taƙamata, shi ne ya zo na ƙarshe, ko shayi ya fi shi. Wannan ma sai da na haɗiye.

An wanke Zuwaira, ba a kai ta kwamiti ba. Amma dole ta canja kan aikinta ta sake rubutawa daga farko, abokan karatunta suka sa rigar kammalawa suka yi hotuna ba ita, sai a zagaye na gaba ta fita. Wata shida na ci mata, kuma babu yawan waakye da ƙwan da zai biya wannan. Maganin ma bai kai asibiti ba tukuna, ta ce da sauran tafiya mai nisa, sai an tabbatar ba ya cutar da fatar mutum. Kakarta har yanzu asibiti ake kai ta wanki. Duk Juma'a ina aika mata abinci, wake da yawa, shinkafa kaɗan, yadda likita ya ce. A shafin godiya na littafinta, Zuwaira ta karanta mini, ta rubuta cewa tana gode wa wata uwa a Nima da ta taimaki aikin nan ba da saninta ba. Direbobi kuwa ba su da wannan kawaicin, Hajiya Ɓawon Albasa suke kirana har yau.

Saura Adiza. Na ɗau kwana ina juya abin, sannan na yanke cewa babu abin da zai wanke ni sai in ba ta abin da na yi shekaru ina zargin tana nema. Na je Maamobi da goro, na same ta tana kankare tukunya, na ja ta gefe, na leƙa hagu da dama, na sa baki a kunnenta na fara faɗa mata asirin uwata. Ban kai rabi ba ta ƙarasa mini sauran, kalma da kalma, har da abin da nake yi da murfin tukunya.

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Mma, shekara shida ni ke wanke tukunyar. Tun shekara ta biyu na sani."

Na ce, "To me ya hana ki yi?"

Ta ce, "Launinki ne, Mma. Da shi aka san ki." Ta koma ta ci gaba da kankare tukunyarta.

Na dawo Nima a ƙafa ran nan, don ban so in zauna kusa da kowa a mota. Shekara da shekaru ina gadin ƙofa, ashe wadda nake gadi dominta tana da mabuɗi a hannu, kunya ce ta hana ta shiga.

Abin da na koya? Ba zan ce na daina zargi ba, don jiya ma wata mata ta ce in tara mata ɓawon albasa, sai da na tambaye ta unguwarsu da sunan mai gidan da take haya. Amma yanzu tambayar nake yi da baki, a gaban mutum, kafin in ɗora tukunya. In kuma Shaiɗan ya rinjaye ka har sai ka cuci ɗan mutane, to shawarata ka auna, ka rubuta, don wata rana za a sa maka farar riga a ce ka maimaita.